Ƙwan da Ya Taso a Ƙwaryar Ladingo

Dalilin da ya sa agwagwar gida ba ta kuka sai huci, fuskarta kuma kullum jajur kamar yanzu aka ɓata mata rai, shi zan gaya muku yau, tunda kunnen ƙashi gare ku. Kai Cindo, yar da karan nan. Da idona na gan ka ka durƙusa a gindin rumbu kana zungurar baiwar Allah, wai kana duba ko ƙwan da suka rage sun lalace. Wa ya aike ka? Da ta sare ka a hannu ka taho kana yi mini kuka, ni kuwa ko tausayinka ban ji ba. Wai nan miji na yi! Ku matso. Ke Iyatu, sauke ƙanenki ki zauna, don ba zan maimaita ba.

A can da, zamanin da tsuntsayen gida ke magana da mutane baki da baki, agwagwa ba haka take ba. Fuskarta sumul take, babu wannan jan tsiron da kuke gani. Murya kuwa, duk garin babu mai irin tata. In ta kwanta kan ƙwai waƙa take yi musu a hankali, har mata masu daka sukan tsai da taɓarya su saurara. Kuma ba ta ɓuya. A tsakar gida take gurbinta, cikin wata fasasshiyar tukunya, ko yaro ne ya kai hannu sai ta ɗaga masa fiffike ya leƙa.

Uwar ɗakinta wata mata ce ana ce mata Tabawa. Tabawa ba muguwa ba ce, ku riƙe wannan, don shi ya fi ba ni haushi a labarin nan. Ciwonta ɗaya ne, bakinta ba ya iya cewa a'a. Ko zanen jikinta ka roƙa, sai ta yi murmushi ta shiga ɗaki ta sako wani ta miƙo maka.

To, da yake Agwagwa tana da faɗin ƙirji ga haƙurin kwanci, sai gari ya mai da ita ungozoma. Wadda kazarta ta gudu ta bar ƙwai, sai gidan Tabawa. Wanda ya tsinto ƙwan zabi a gona, sai gidan Tabawa. Gurbi kuwa ba ya miƙewa. Duk lokacin da aka kawo na wani, sai Tabawa ta kwashe na Agwagwa don a sami wuri, a soya wa yara.

"Yi haƙuri, Agwagwa," in ji ta. "Naki sai wani karon. Ai ke ta gida ce."

Haka Agwagwa ta yi ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki da 'yan zabi, ta raine su, su girma su wuce ta ko gaisuwa babu. Shekaru suka tafi ba ta taɓa ganin ɗan cikinta ba. Saboda haka duk garin nan babu wanda ya san tsawon zaman da ƙwan agwagwar gida ke bukata kafin ya fashe, har ita kanta, don ba a taɓa barin ko ɗaya ya kai ba.

Ana nan, farkon wata damina, sai ga Ladingo ta zo. Ladingo yayar mijin Tabawa ce, tana aure a wani gari hayin rafi, sana'arta sayar da ƙwan zabi. Mace ce mai baki, wadda in ta shigo gida kowa sai ya san ta shigo. Abin alfaharinta a duniya shi ne ba ta taɓa sayar wa kowa ruɓaɓɓen ƙwai ba. Ƙwarya take cikawa da ruwa ta zuba su. Wanda ya nutse mai kyau ne, wanda ya taso baragurbi ne, ta yar. A kan ƙwan ci kuma gaskiyarta ce, ban ƙwace mata ba.

Ta zo da wata ƙwarya cike da ƙaiƙayi, a ciki ta jera ƙwan wasu ƙananan agwagi na kogi da masunta suka ba ta. Ba a san irinsu a garin ba. So take a ƙyanƙyashe mata, ta zama ita ce ta fara kiwonsu.

Babbar baƙuwa ta zo, dole a zub da jini. Maigidan ya duba bai ga zakaran kirki ba, sai ya cafke toron agwagwa, mijin baiwar Allah, ya sa masa wuƙa. Agwagwa tana kwance cikin tukunyarta tana kallo aka fige shi, iska tana yawo da gashinsa a tsakar gida. A ƙarƙashinta akwai ƙwai uku, su kaɗai suka rage daga gare shi.

Da aka ci aka suɗe hannu, Tabawa ta ɗauko ƙwaryar baƙuwa ta nufo tukunya tana sosa ƙeya.

"Agwagwa, ga Yaya ta zo da..."

"Na gani, uwar ɗakina," in ji Agwagwa. "Na ga abin da ta kawo, na kuma ga abin da ta ci. Zan kwanta mata. Amma yau ina da magana."

"Faɗi mana."

"Ukun nan ba za a kwashe su ba. In an kwashe, irina ya ƙare, don babu wani toron. A zuba nata a gefe, zan buɗe fiffike in rufe duka. Kuma kada a tashe ni daga gurbin nan sai nawa sun fito. Ban taɓa roƙon ki komai ba."

Tabawa ta ji kunya har idonta ya kawo ruwa. Ta ɗauko gawayi daga murhu ta zana wa ƙwan nan uku baƙi-baƙi don kada su ɓace cikin na baƙuwa.

"Na yi miki alkawari," in ji ta. "Muddin ina numfashi a gidan nan, babu mai taɓa su."

Ladingo tana daga rumfa tana sakace da naman toro a haƙoranta, ta ce, "Ikon Allah! Yanzu har da tsuntsu ake ƙulla alkawari a gidan ƙanena?" Ta yi dariyarta, washegari ta koma garinsu, ta ce za ta dawo in wata ya kusa zagayowa.

Agwagwa ta kwanta. Ta fige gashin ƙirjinta ta shimfiɗa musu har fatarta ta fito. Takan juya su ɗaya bayan ɗaya da baki, na baƙuwa da nata, ba ta bambanta ba. In rana ta take sai ta ruga kwatami ta jiƙa ƙirji ta dawo da sauri, don kada ɓawon ya bushe ya yi wa 'ya'yan tauri. Ci kuwa sai abin da Tabawa ta ajiye mata a bakin tukunya. Ta rame har ƙashin ƙirjinta ya fito, amma waƙar nan ba ta fasa ba.

Rannan da hantsi sai ƙwan kogi suka fara tsagewa. Kafin la'asar sun fito duka, 'yan mitsi-mitsi, masu rawar kai. Ƙwai uku masu zanen gawayi kuwa suna nan shiru, ko tsaga babu.

Kwana biyu tsakani sai ga Ladingo da sallama tun daga zaure. Ta ga 'yan agwaginta ta rangaɗa guɗa. Ta zauna ta sha fura, sannan ta dubi gabas inda hadari ke haɗuwa.

"Ke Tabawa, ni yau zan koma. In rafin nan ya kawo, sai kaka zan ga ɗakina. Waɗannan kuwa ba za su rayu babu uwa ba, shirwa za ta tsince mini su. Ki ara mini agwagwar in tafi da ita, in sun yi ƙwari a dawo miki da abarki."

Tabawa ta sunkuyar da kai. "Yaya, ai da sauran nata ba su fito ba."

"Waɗanne? Waɗancan? Rana ɗaya aka kwanta musu da nawa. Nawa har sun fara tsince. Ƙwan da 'yan uwansa suka fito suka bar shi, sunansa baragurbi."

Agwagwa ta ɗago kai daga tukunya. "Ba 'yan uwansu ba ne, Baba Ladingo. Gurbi suka haɗa, ba uwa ba. Naki ƙanana ne, sun yi sauri. Nawa suna tafe."

"Yaushe?"

"Ban sani ba. Ban taɓa kaiwa nan ba. Amma ina jin motsinsu a ƙirjina. Jiya ɗaya ya ƙwanƙwasa. Ki bar naki a nan, zan rufe su da fiffike ɗaya, a zuba musu dusa a gefena. In rafi ya janye ki zo ki kwashi abinki sun girma."

"Ji mini tsuntsuwa da tsara zance!" in ji Ladingo. "Ni za a koya wa ƙwai? Tun ba a haifi uwar ɗakinki ba nake cikinsa. Tabawa, cika mini ƙwarya da ruwa. Ruwa ba ya ƙarya."

A nan ne fa, yara, zuciyata ke tafasa duk sanda na zo wurin. Kalma ɗaya ake nema daga bakin Tabawa. Ta ce, "Yaya, na yi alkawari." Shi ke nan. Ladingo za ta yi masifa, ta yi fushi, ta tafi, in an kwana biyu a shirya. Amma wai kara. Wai yayar miji ce, ba a musa mata. Ba ta san kunyar marar kunya asara ce ba. Ta tashi sumui-sumui ta ɗebo ruwa a randa, da hannunta, hannun da ya riƙe gawayin nan.

"Uwar ɗakina!" in ji Agwagwa. "Uwar ɗakina, dube ni!"

Tabawa ta kau da kai. "Gwadawa kawai za a yi, Agwagwa. In sun nutse ai sai a mayar miki."

Ladingo ta kama Agwagwa ta fukafukai ta ɗaga ta, ta miƙa wa Tabawa ta ce ta riƙe. Ita kuwa ta riƙe. Aka ɗauko ƙwan nan uku da ɗuminsu aka saka cikin ruwa. Zanen gawayin ya narke ya bi ruwa. Dukansu suka taso sama.

"Kin gani?" in ji Ladingo. "Ko ɗaya bai nutse ba."

Abin da Ladingo ba ta sani ba, ita da ta ƙare rayuwarta a kan ƙwan ci, shi ne ƙwan da aka daɗe ana kwanci a kansa dole ya taso, ko da rai ko babu. Ɗan yana girma, iska tana taruwa a cikin ƙwan, wadda zai fara shaƙa kafin ya fasa ɓawo. Bambancin kawai, mataccen ƙwai tsayawa yake cik, mai rai kuwa in ka yi shiru ka jira ruwan ya kwanta, sai ka ga yana rawa shi kaɗai.

Agwagwa ta gani. Daga hannun Tabawa ta hango ruwan yana ɗan girgiza.

"Ku duba! Suna motsi! Don Allah ku tsaya ruwan ya kwanta, ku duba da kyau!"

"Hannuna ne ke rawa," in ji Ladingo. "Tsufa."

"To, ajiye ƙwaryar a ƙasa! Ajiye ki gani! Uwar ɗakina, ce mata ta ajiye!"

Tabawa ta buɗe baki. Wallahi ta buɗe. Ita ma ta ga kamar na tsakiyar ya juya. Sai Ladingo ta watsa mata wani kallo, bakin nan ya koma ya rufe.

Kun san baragurbi ba a fasa shi cikin gida, don warinsa sai ya kwana uku. Ladingo ta toshe hanci da gefen mayafi, ta taka zuwa bakin danga, ta watsa ƙwaryar gaba ɗaya, ruwa da ƙwai, can bayan gida kan juji. Aka ji fas, aka sake jin fas.

Duk gidan aka toshe hanci ana jiran wari. Aka jira. Iska ta kaɗo daga wajen jujin, babu wari ko kaɗan.

Agwagwa ta fizge daga hannun Tabawa har ta bar mata gashi a tafi. Ta bi ta zaure da gudu, ta zagaya bayan gida, Tabawa na biye. A kan duwatsun jujin suka tarar da biyu sun fashe. Ba ruɓa a ciki. 'Ya'ya ne cikakku, da gashinsu a jiƙe, da 'yan ƙafafunsu, da baki. Ɗaya ya riga ya tafi. Ɗayan yana buɗe baki yana rufewa, ya yi haka har ya daina.

Ihun da Agwagwa ta yi ranar, an ce har masu noma a fadama sun ɗago kai. Muryar nan da mata ke tsai da daka don ita, da ita ta yi ta kururuwa. Ta kira Tabawa, ta kira toronta, ta kira 'ya'yan da ba ta ko sa musu suna ba. Ta yi ta dirza fuskarta a kan duwatsu har ta kumbura ta yi jajur, jini na tsattsafowa. Ba ta daina ba sai da muryar ta fara tsagewa.

Ladingo ta leƙo ta saman danga, ta ga abin da ke ƙasa. Kuna tsammani ta yi salati ta nemi gafara? Ina! Sai ta gyara ɗaurin zane.

"To, ƙaddara ta riga fata. Ni dai ruwa na bi. Ke Tabawa, daina wannan kukan, tsuntsu ne fa, ba mutum ba. Kamo mini ita mu tafi, hadari na tasowa."

Amma Agwagwa ta riga ta hango na ukun. Kan tulin toka ya faɗa, ya nutse rabi, ya yi 'yar tsaga amma bai fashe ba. Ta ruga ta haye kansa, nan cikin toka da ƙaya da shara, ta baje fukafukai. Ladingo ta zagayo ta kai hannu. Agwagwar da yara ke wasa da fiffikenta ta sare ta a yatsa har sai da ta ga jini. Ladingo ta yi ta zagi, ta kwashi 'yan agwaginta a ƙwarya ta kama hanya, ko sallama babu.

Tabawa ta durƙusa a gaban jujin tana hawaye.

"Agwagwa, ki yafe mini. Yaya ce ta..."

"Kada ki kira mini sunanta," in ji Agwagwa, muryar tana fita da ƙyar. "Ita ba ta yi mini alkawari ba. Ita ba ta san ni ba. Ke kika zana gawayin. Ke kika ɗebo ruwan. Ke kika riƙe ni."

"Kunya na ji."

"Kin ji kunyarta, ba ki ji tawa ba. Na yi miki magana da hankali, na yi da roƙo, na yi da ihu. Duka kin ji, ba wanda ya wuce kunnenki. To, me zan ƙara yi da magana?"

Wannan ita ce kalmar ƙarshe da ɗan Adam ya ji daga bakin agwagwa.

Ruwa ya sauko ranar kamar da bakin ƙwarya, ba ta motsa ba. Tabawa ta kawo tukunyar nan har juji, ta kawo dusa, ta kawo ruwa a kasko, ta roƙe ta ta dawo cikin gida. Agwagwa ta miƙa wuya ta buɗe baki, ba abin da ya fito sai huci. Kaza ta matso, huci. Maigidan ya zo, huci. Haka ta zauna cikin toka, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, har wajen mako guda. Mutane suna wucewa suna cewa ta haukace, tana kwanci a kan baragurbi.

Sai wata safiya tsagar nan ta buɗe. Ɗa ya fito, ƙato, ya fi na kogin nan girma nesa ba kusa ba. Tabawa tana daga nesa tana kallo, ba ta isa ta matso ba. A ranar garin ya san ƙwan agwagwar gida ya fi na kowa daɗewa, ilimin da aka saya da 'ya'ya biyu.

Ɗan ya ɗaga kai ya dubi uwarsa. Ta so ta yi masa waƙar da ta tanada masa tun yana cikin ɓawo. Ta buɗe baki, ta yi iya ƙoƙarinta, huci ne ya fito. Shi ma ya buɗe ɗan bakinsa ya mayar mata da abin da ya ji. Bai san uwarsa ta taɓa yin murya ba.

Shi ya sa har yau agwagwar gida ba ta da kuka sai huci, don duk daga wannan ɗan suka fito, da jar fuskar da suka gada. Shi ya sa ba ta ƙara yin gurbi a tsakar gida ba, sai gindin rumbu, sai bayan tulin itace, inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi. Ƙananan nan masu kwakwazo a bakin tafki kuwa, jikokin na Ladingo ne. Su suka tafi da muryar, don sun fito tun tana da ita, amma da yake babu wanda ya ƙarasa koya musu, kun ji yadda suka lalata ta.

Yanzu kai Cindo, waccan da ke gindin rumbu, ƙwai iri biyu na sa mata. Ƙananan sun fito shekaranjiya, na gani, ba sai ka gaya mini ba. Sauran ba su lalace ba, lokacinsu ne bai yi ba. Ku kuma da kuka tsaya kuna kallon sa yana zungurar ta, ke Iyatu har da riƙe masa takalmi, babu wanda ya ce masa bari, ku na fi jin haushi. Tashi ki kai mata ruwa a kasko. Ki ajiye daga nesa, kada ki ce mata komai, ta gama jin maganar mutane tun tuni.